AJIYE LISSAFIN ƘARAMAR ƘUNGIYAR TAIMAKO: YADDA ZA A ZAƁI MANHAJA MAI SAUƘIN KUƊI DA SAUƘIN RIƘO

Gabatarwa

A daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya biyo kogin Ngadda ya shiga birnin Maiduguri. Ya mamaye Gwange, ya shiga fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya kuma cinye ɓangaren Gamboru, inda Kasuwar Kwastam take. Shekara 30 kafin wannan, watau a 1994, garin ya ga irin wannan ambaliya daga wannan madatsar. A ran 26 ga Fabrairu 2023 kuwa, gobara ce ta tashi cikin dare ta ƙone babbar kasuwar garin, wadda aka fi sani da Monday Market.

A kowace babbar kasuwa ta ƙasar nan akan sami 'yan kasuwa da suka haɗa kai suna tara kuɗi mako-mako domin marayu, da matan da mazansu suka rasu, da marasa lafiya. Galibi dukan lissafin irin wannan ƙungiya yana cikin littafi guda, littafin kuma yana cikin akwati a shagon ma'aji. To, duk ƙungiyar da littafinta ya kwana a shago a daren ruwa ko daren wuta, ta wayi gari ba ta san wanda ya biya ba, ba ta san wanda ake bi ba, ba ta kuma da sunayen marayun da take ciyarwa, a daidai lokacin da suka fi bukatarta. Kuɗi idan ya salwanta ana iya sake tarawa, amma idan zargi ya shiga tsakanin 'yan ƙungiya, da wuya a sake ɗinke su.

Wannan darasi ya ɗauki ƙungiya irin ta Kasuwar Kwastam a matsayin misali, domin nuna yadda shugabanni za su zaɓi manhajar ajiye lissafi wadda ba za ta cinye kuɗin marayu ba, kuma ba za ta zame musu kaya ba.

1. Abin da doka ta ce

Dokar Kamfanoni ta 2020 ta tanadi Sashe na F domin ƙungiyoyin da suka yi rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, watau CAC. Dokar ta wajabta wa amintattu su riƙa ajiye lissafin da zai nuna kuɗin da ya shigo da wanda ya fita, da dalilin kowanne, da kuma dukiyar ƙungiya da bashin da ke kanta. Lalle ne a adana wannan lissafi har shekara 6 daga ranar da aka rubuta shi. Haka kuma, ban da shekarar da aka yi rajista, ana miƙa wa hukumar rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba.

Bugu da ƙari, a watan Yuni 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. A ƙarƙashinta, duk wanda ya tattara sunayen mutane da lambobin wayarsu da hotunansu yana da alhakin tsare su, kada ya yi amfani da su sai don abin da ya sa aka karɓa. Bayanan yara da na lafiyar mutum sun fi bukatar tsaro.

Ƙungiyar da ba ta yi rajista ba tukuna, ita ma ya kamata ta bi wannan tsari tun yanzu, domin ranar da za ta nemi rajista ko gudummawar wata hukuma, tambayar farko ita ce ina lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

2. A san abin da za a ajiye kafin a nemi manhaja

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara tambayar wace manhaja ce ta fi kyau. Abin da ya kamata a fara yi shi ne kwamiti ya zauna ya rubuta abubuwan da ƙungiya take ajiyewa. A yawancin ƙananan ƙungiyoyi ba su wuce huɗu ba:

(a) Rajistar 'yan ƙungiya, da abin da kowa ya biya.
(b) Littafin kuɗi, mai nuna shiga da fita.
(c) Rajistar masu karɓar taimako, da abin da aka ba kowa, da ranar da aka ba shi.
(d) Littafin kaya, kamar buhunan hatsi da barguna da atamfofi da aka kawo sadaka.

Sa'an nan a ƙiyasta yawan layukan da ake rubutawa a shekara. Ƙungiya mai mutum 100 da ke biya kowane mako tana rubuta layi 5,200 na kuɗin mako a shekara. Wannan ba komai ba ne ga kowace manhajar jadawali, ko a tsohuwar kwamfuta. Wanda ya san haka, ba za a ruɗe shi ya sayi manhajar da aka yi domin babban kamfani ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

3. A duba halin wurin da ake zaune

Manhajar da ta dace da ofishi a Abuja ba lalle ne ta dace da rumfa a Kasuwar Kwastam ba. Tarihin garin kansa ya isa jagora.

Wutar lantarki. A watan Janairu 2021 aka lalata turakun babban layin wuta da ya taso daga Damaturu, Maiduguri ta shafe mafi yawan wannan shekara cikin duhu. An buɗe tashar wutar gaggawa mai amfani da gas a garin a watan Maris 2023, amma darasin bai gushe ba: a zaɓi abin da zai yi aiki da batirin waya ko ƙaramar sola.

Sadarwa. A watan Mayu 2013, bayan kafa dokar ta-ɓaci, an rufe layukan waya a Jihar Borno har tsawon watanni. Manhajar da ba ta buɗuwa sai da intanet, a irin wannan lokaci ta zama akwatin da makullinsa ya ɓace.

Canjin kuɗi. Kafin watan Yuni 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024 ta haura Naira 1,500. A misali, manhajar da ake biya wa dala 10 a wata, a farashin farko kuɗinta Naira 55,200 ne a shekara, a na biyu kuwa Naira 180,000, alhali ba abin da ya ƙaru a cikinta. Idan mutum 100 na biyan Naira 500 a mako, wannan kuɗi ya fi dukan abin da suka tara a mako uku da rabi.

4. Tambayoyi bakwai da za a yi wa kowace manhaja

Ta farko: nawa za ta ci a shekara 6, ba a ranar farko kaɗai ba? A haɗa da kuɗin data, da na gyara, da na mai koyarwa.

Ta biyu: tana aiki ba tare da intanet ba?

Ta uku: idan magatakarda ya yi tafiya ko ya sauka, akwai wani a cikin ƙungiya da zai iya koyonta cikin 'yan kwanaki?

Ta huɗu: ana iya fitar da dukan bayanai daga cikinta a siffar da wata manhaja za ta karanta, kamar fayil na Excel ko CSV? Wannan tambaya ta fi sauran nauyi, domin kamfani na iya rufe ƙofarsa a wata ƙasa. A 2023 kamfanin Intuit ya janye manhajarsa QuickBooks daga Indiya, duk da girman kasuwar ƙasar, ya zama tilas masu amfani da ita su kwashe lissafinsu su koma wani wuri.

Ta biyar: idan ta lalace, akwai mai gyara a cikin gari, ko kuwa sai an jira mutum ɗaya tak da ya haɗa ta?

Ta shida: ana iya buga lissafin wata a takarda ɗaya wadda dattijon da bai taɓa riƙe kwamfuta ba zai fahimta idan an karanta masa?

Ta bakwai: ana iya kulle ta da kalmar sirri?

Duk manhajar da ta faɗi a tambaya ta biyu ko ta huɗu, a ajiye ta gefe, komai kyawunta.

5. Manhajojin da ake da su

LibreOffice Calc. Manhajar jadawali ce ta kyauta, wadda wata gidauniya mai mazauni a Jamus take kula da ita. An fara LibreOffice a 2010. Ana sauke ta sau ɗaya, sa'an nan ta yi aiki ba intanet, ba kuɗin wata. Tana buɗe fayilolin Excel, tana kuma ajiyewa a siffarsu. Rauninta shi ne tana bukatar kwamfuta, kuma lissafi yana zaune a cikin wannan kwamfuta kaɗai sai an yi kwafi.

Microsoft Excel. Ita ce aka fi sani, kuma da wuya a rasa wanda ya iya ta a shagunan buga takardu. Amma ta halal kuɗi ake biya. Wadda ake ɗorawa ta jabu a kasuwa tana iya zuwa da cutar da za ta lalata fayiloli ko ta saci bayanai. Araha ba ta ado.

Google Sheets. Kyauta ce ga mai asusun Google, wanda ke zuwa da ma'adana ta gigabait 15. Tana aiki a wayar hannu, mutum biyu ko uku na iya duba fayil ɗaya, kuma tana nuna wanda ya canza wani abu da lokacin da ya canza. Da yake kwafin yana nesa, ruwa ko wuta ba sa kai masa. Rauninta shi ne tana son intanet, ko da yake ana iya saita fayil ya buɗu ba tare da shi ba. A kuma lura, Google ya sanar cewa daga Disamba 2023 yana iya share asusun da aka bari shekara 2 ba a taɓa ba.

KoboToolbox. An yi ta ne domin tattara bayanai a wuraren da sadarwa ke da wuya, kuma hukumomin agaji na amfani da ita ƙwarai. Ana cike fom a wayar Android ta hanyar KoboCollect ba tare da intanet ba, a tura daga baya. Kyauta ce ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, har zuwa wani iyaka. Ta dace da rajistar masu karɓar taimako gida-gida, amma ba littafin kuɗi ba ce.

GnuCash. Manhajar akanta ce ta kyauta mai aiki ba intanet. Tana bin tsarin rubuta kowane kuɗi a wuri biyu, inda ya fito da inda ya tafi. Tana da kyau ga ƙungiyar da ke da wanda ya karanta aikin akanta. Ga wanda bai karanta ba, tana da wuyar sha'ani.

CiviCRM. An yi ta musamman domin ƙungiyoyin taimako, kuma ba a sayar da ita. Amma sai an ɗora ta a kan shafin intanet, a biya kuɗin masauki, a kuma sami gwani mai sabunta ta a kai a kai. Kyauta irin wannan kamar kyautar doki ce ga wanda ba shi da dusa.

WhatsApp kuwa hanyar aika saƙo ce, ba littafin lissafi ba. Hotunan rasit da ke cikinta na iya tafiya tare da wayar da aka sace.

6. Wadda ta fi dacewa

Ga ƙungiyar da mutanenta ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, manhajar jadawali ta wadatar. Idan akwai kwamfuta, a ɗauki LibreOffice Calc. Idan waya kaɗai ake da ita, a ɗauki Google Sheets, a riƙa sauke kwafi kowane wata. A ƙara KoboToolbox sai idan ana zagaya unguwanni ana rajistar mutane da yawa. A jinkirta GnuCash har sai an sami ma'aikata masu albashi ko gudummawa daga wurare da dama da kowanne ke son rahotonsa daban.

Wanda zai sayi tsohuwar kwamfuta ya sani cewa a ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Kwamfutar ba za ta daina aiki ba, amma ya fi kyau a keɓe ta domin lissafi kaɗai, kada a riƙa yawo da ita a intanet.

Littafin takarda kuwa, kada a jefar da shi. A nan ne mai karɓa yake sa hannu ko ya dangwala yatsa. Littafi da rasit su ne shaida, manhaja ita ce mai tattarawa da haɗa jimla.

7. Yadda za a tsara jadawali

A yi fayil ɗaya domin kowace shekara, mai shafi huɗu daidai da abubuwa huɗun da aka ambata. A shafin kuɗi, kowane layi ya ƙunshi kwanan wata, lambar rasit, sunan mai bayarwa ko mai karɓa, dalili, kuɗin shiga, kuɗin fita, da hanyar biya. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, mutane da yawa sun saba biya ta waya ko ta POS, saboda haka lalle ne a bambanta kuɗin hannu da na banki. Zakka kuma a keɓe mata gurbinta daban da sadaka, domin tana da waɗanda aka ƙayyade a ba.

A ba kowane mai karɓar taimako lamba tasa. A garin da ake jin Kanuri da Larabcin Shuwa da Hausa, mutum ɗaya na iya zama Muhammad a wannan shafi, Modu a wancan, Mamman a na gaba. Haka kuma unguwa ɗaya na iya samun Falmata biyar. Idan aka dogara da suna kaɗai, wata za ta karɓa sau biyu, wata kuma ta koma gida hannu rabbana.

Lambobin waya na ƙasar nan suna farawa da sifili, manhajar jadawali kuwa takan jefar da sifilin farko idan ta ɗauki abin a matsayin adadi. A saita gurbin lambar waya ya zama na rubutu tun kafin a fara cikewa. A kuma tsai da hanya ɗaya ta rubuta kwanan wata, rana sa'an nan wata sa'an nan shekara, domin wasu kwamfutoci suna zuwa da tsarin Amurka mai fara wa da wata.

Kada a share layin da aka yi kuskure a cikinsa bayan an rufe wata. A rubuta sabon layi na gyara, a faɗi dalili.

8. Daidaita lissafi kowane wata

A ƙarshen wata ma'aji da magatakarda da mai binciken kuɗi su zauna tare. A misali, idan an shiga wata da Naira 120,000, aka tara Naira 200,000, aka kashe Naira 170,000, abin da ya rage Naira 150,000 ne. Idan takardar banki ta nuna Naira 130,000, to lalle ne a ƙirga Naira 20,000 a hannun ma'aji a gaban sauran. In an sami bambanci, ko na Naira 100 ne, a nemo shi a wannan zama. Sa'an nan a buga takardar wata, mutum uku su sa hannu, a karanta ta a taro da harshen da kowa ke ji. Wannan tsari kariya ne ga ma'aji kafin kowa, domin shi ne bakin mutane ke fara kamawa.

9. Kwafi uku

Masana harkar sun daɗe da ƙa'ida guda: kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Ga ƙungiyar kasuwa, ma'anarta ita ce kwafi a kwamfuta ko waya, kwafi a filash, da kwafi a ma'adanar intanet. Filash ɗin kada ya kwana a kasuwa. A ba wani amintacce da ke zaune a unguwa mai tudu, nesa da kogi. Takardun da aka buga a sa su cikin leda a ajiye sama.

A yi kwafin kowane mako a rana tsayayya. Sau ɗaya a wata uku a buɗe shi a wata kwamfuta a tabbatar yana karantuwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

10. Sirri da miƙa aiki

A buɗe asusun da sunan ƙungiya, da layin waya na ƙungiya, ba na magatakarda ba. A tabbatar layin yana haɗe da lambar NIN ta wani amintacce kuma ana amfani da shi, domin a 2024 an toshe layukan da ba a haɗa ba, kuma sau da yawa ta layin ne ake dawo da asusun da kalmar sirrinsa ta ɓace. Mutum biyu su san kalmar sirri, a kuma rubuta ta a rufe cikin ambulan a wurin shugaban amintattu. Duk ranar da aka canza shugabanni, a canza ta.

Rajistar marayu da zawarawa ba ta kowa da kowa ba ce. A taro a faɗi adadi, ba sunaye ba. Kada a tura ta cikin zauren WhatsApp, kada kuma a bar kwafinta a kwamfutar shagon buga takardu. Kada a karɓi bayanin da ba a bukata. Mutumin da ya miƙa hannu domin larura, mutuncinsa amana ne a hannun ƙungiya kamar yadda kuɗi yake amana.

A ƙarshe, a rubuta bayani na shafi ɗaya mai nuna inda fayil yake, da yadda ake cike shi, da ranar kwafi, a kuma koya wa mataimaki tun magatakarda yana nan.

Kammalawa

Manhaja ba ta mai da maha'inci mai gaskiya, ba ta kuma cike gurbin rasit da aka ƙi rubutawa. Amfaninta shi ne ta sauƙaƙa wa mai gaskiya nuna gaskiyarsa, ta kuma sa sunan maraya ya tsira ko da shago bai tsira ba. Ana jan hankalin shugabannin ƙungiyoyin taimako, a Kasuwar Kwastam da sauran kasuwannin ƙasar nan, su sa wannan magana cikin ajandar taronsu na gaba, su kuma yi kwafin farko kafin damina ta sake kewayowa.

Tambayoyi domin bita

1. Shekara nawa doka ta ce a adana lissafin ƙungiya mai rajistar amintattu?
2. Waɗanne abubuwa huɗu ne ƙaramar ƙungiya take ajiyewa?
3. Me ya sa kuɗin manhajar da ake biya da dala ya ke da haɗari ga ƙungiya?
4. An shiga wata da Naira 80,000, an tara Naira 150,000, an kashe Naira 95,000. Banki ya nuna Naira 110,000. Nawa ya kamata a samu a hannun ma'aji?
5. A ina kwafi uku na lissafin ƙungiyar mai karatu suke a yau?